Conan da injin niƙa

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da Conan the Barbarian, fim ɗin John Milius na 1982, shi ne ƙarancin maganarsa. An kashe iyayen Conan yana yaro, an ɗaure shi jikin wani ƙaton injin niƙa, yana ta turawa cikin rana da dusar ƙanƙara, kai a sunkuye. Da ya ɗago, sai ga ƙato, Arnold Schwarzenegger. Shekaru sun shuɗe ba wanda ya ce uffan, kiɗan Basil Poledouris ne ya ɗauki labarin.

Robert E. Howard ya ƙirƙiro jarumin tun 1932 a mujallar Weird Tales, amma a Sifen aka ɗauki fim ɗin, da duwatsu da dawakai na gaske. James Earl Jones kuwa, matsafi Thulsa Doom, da wuya ya ɗaga murya. Kallo kawai yake yi, mabiya su miƙa wuya. Wannan ya fi rikiɗarsa zuwa maciji ba ni tsoro.

Bayan fim ɗin Conan, finafinan takobi da tsafi suka yi ta fitowa, masu arha daga Italiya da Ajantina, sai Red Sonja a 1985. Yawancinsu damtse kawai suka kwafa.