Hutun Kwana Uku A Bayan Doki Daga Bauranya

Duk lokacin da aka koma makaranta bayan dogon hutu, tambayar farko da ɗalibai ke yi wa juna ita ce, "A ina ka yi hutu?" Wanda ya ce Kano ko Kaduna ko Abuja sai a kewaye shi a sha labari. Wanda ya ce ƙauye kuwa, da ƙaramar murya yake faɗa. Na san haka domin shekara uku ke nan da na bar sakandare. Yanzu ina aji biyu a jami'a, kuma ƙannena ɗalibai, hutun da zan ba ku labarinsa a ƙauye na yi shi, a bayan doki, tare da kawuna.

Bauranya garin mahaifiyata ne, a Ƙaramar Hukumar Kusada ta Jihar Katsina, maƙwabciyar Kankiya. Kawu manomi ne, yana da dawaki biyu a turke: wani bidi da yake hawa ran Sallah, da wani ƙuru ja mai sanyin hali. Ƙarshen damina na isa, an yanke gero, dawa tana tsaye. Na tarar yana shirin zuwa rugar wani Arɗo, amininsa, wanda ke riƙe masa shanu huɗu. Amincin nan gado ne, domin mahaifin Arɗon shi ya riƙe shanun kakana. Kawu zai kai kanwa da gishiri, ya ga shanunsa, kuma su daidaita a kan lokacin da garken zai sauka a gonarsa bayan kaka. Babur ba ya bin hanyar saboda taɓo. Ya ce, "Ɗan boko, za ka iya kwana uku a sirdi?" Na ce zan iya. Ya ce sai an gwada.

Mako guda ya yi yana gwada ni. Na koyi ɗaura sirdi: a fara shimfiɗa zubka don kada bayan doki ya ji ciwo, a ja majayi, a bar doki ya ɗan taka, sannan a sake ja, domin doki yakan kumbura cikinsa idan ana ɗaure shi. Na koyi sa linzami da daidaita likkafa da yin dabaibayi. Na koyi cewa ba a ba dokin da ya yi gumi ruwa da yawa nan take, kuma ba a zuwa masa ta baya ba tare da an yi magana ba. Kowane maraice muna fita kilisa bayan gari. Kafin mu tashi, Kawu ya sanar da mai unguwa inda za mu da ranar dawowarmu, ya kuma kafa doka: tafiyar rana kaɗai, kuma ba za mu nufi yamma wajen dajin Rugu ba. Kowane ɗan Katsina ya san abin da 'yan bindiga da ɓarayin shanu suka mai da wancan yanki.

Mun fita bayan sallar Asuba. Wanda ya saba da mota bai san yadda ƙasarmu take ba sai ya gan ta daga kan doki. Ka fi dawa tsawo, kana hango kuka da ɗorawa da tsamiya, da gawo wanda ke tsaye ba ganye duk damina, sai rani ya yi kore. Fakara ta tashi fir daga cikin sabara, ƙuruna ya ɗaga kunne ya ci gaba. Mun ratsa rafi ruwa iya gwiwar doki, mata masu wanki suna yi mana sannu. Da azahar muka sauka gindin kanya, muka sassauta majayi, dawaki suka ci harawa, mu kuma muka dama fura. Cinyoyina kuwa kamar an daka su a turmi. Kawu ya ce, "Na yau kaɗan ne, gobe za ka san ka hau doki."

A lokacin da amfani ke gona, hanya ɗaya ce ga mai dabba: burtali. Shi ne hanyar da magabata suka ware tsakanin gonaki domin shanu su wuce daga ruga zuwa makiyaya da mashaya, akan kuma yi masa shinge da cin-da-zugu. Kawu ya nuna mini wani tsohon layin shingen can cikin wata gonar dawa, ya ce yana yaro nan ne iyakar burtalin, garke guda yana wucewa a baje. Inda muke tafiya yanzu, dawakinmu biyu ba sa jerawa, sai dai ɗaya a gaba ɗaya a baya.

A irin wannan matsatsi muka ci karo da rigima a rana ta biyu. Wani yaro makiyayi, bai wuce shekara 14 ba, ya koro shanu kusan talatin, biyu suka kutsa gona suka karya dawa. Mai gonar ya tare hanya da gora a hannu, ƙannensa biyu suna tahowa a guje. Yaron ya riƙe sandarsa, jikinsa yana rawa. Kawu ya sauka daga doki, ya miƙa mini ragama, ya yi sallama, ya gaisa da manomin kamar ba abin da ke faruwa. Sannan ya ce, "Malam, mu ƙirga abin da aka ɓata tukuna." Aka ƙirga karan da aka karya ɗaya bayan ɗaya. Aka aika aka kira mahaifin yaron da mai unguwar wurin, aka yanke kwanon dawa nawa za a biya idan an yi girbi, kowa ya amince. Sa'a biyu muka yi a wurin.

Abin da manomin ya faɗa bayan ya huce ya tsaya mini a rai. Ya ce gonar mahaifinsu ce, su tara suka raba ta, shi kuma yana da 'ya'ya shida. Kunya biyu da ya ƙara ta gefen burtali ita ke cika masa rumbu. Na duba shi na ga ba mugu ba ne. Na duba yaron na ga shi ma ba shi da wata hanyar da zai bi. A ƙidayar 1963 mutanen Najeriya ba su kai miliyan 56 ba. A ta 2006 sun haura miliyan 140, Jihar Katsina kaɗai tana da kusan miliyan 5 da dubu 800. Ƙasar noma kuwa tana nan yadda take. Tun a 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, amma doka a takarda ba ta hana garma cin burtali idan babu mai tsaron iyakar. Wannan lissafi na karanta shi a aji, a ranar na gan shi tsaye da gora a hannu.

Da la'asar sakaliya muka isa ruga. Balbelu sun yi fari a tsakanin fararen shanu, hayaƙin korar ƙuda yana tashi. Arɗo ya taro mu da kansa, ya kama wa Kawu likkafa ya sauka. Aka kawo kindirmo mai sanyi a ƙwarya da tuwon gero da man shanu. Shanun Kawu huɗu sun zama biyar. Da dare suka zauna a bakin wuta, ni ina gefe. Yarjejeniyarsu tsohuwa ce: bayan girbi garke ya sauka a gonar Kawu, shanu su ci kara da karmami, su bar masa taki, shi kuma ya ba da hatsi. Da tsadar takin zamani a yanzu, wannan taki shi ne rabin noman Kawu.

Sai Arɗo ya yi shiru, can ya ce yana tunanin tashi. Ƙannensa biyu sun riga sun yi kudu da shanunsu. Ya ce burtali ya toshe, mashaya ta zama lambu, sannan idan ya shiga kasuwa ana kallonsa da laifin waɗanda shi ma suka taɓa kore masa shanu. Kawu ya ce, "Arɗo, ubanka da ubana ba su rabu ba, a kanmu za a fara?" Arɗo ya ce, "Ba ni nake son tafiya ba, shanu ne ba su da wurin taka ƙafa." Sun daɗe suna magana. A ƙarshe Arɗo ya yi alkawarin sauka a gonar Kawu bana, ya ce sauran magana sai ya ga yadda kaka ta kasance. Kawu kuma ya ɗauki nauyin kai maganar burtalin gaban dagaci, a sake bin tsohuwar iyaka kafin shuka ta gaba.

Da safe ɗan autan Arɗo, sa'an ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ya ga littafi a jakata ya ce in nuna masa yadda ake rubuta sunansa. Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa, amma shi bai taɓa zama a aji ba. Ya san kowace saniya da sunanta da uwarta da kakarta, ya san ganyen da ake ba wadda ciki ya kumbura. Na rubuta masa, ya kwaikwaya a ƙasa da tsinke har sau biyar. Na bar masa littafin da biro.

A ƙasashe irin su Amurka da Ajantina da Afirka ta Kudu, masu yawon buɗe ido suna biyan kuɗi mai yawa don a ɗora su a doki su yi kwanaki suna ratsa gandun shanu da bakin teku. Mu ba mu da teku, amma doki namu ne tun kaka da kakanni. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne ya kawo wasan folo Katsina bayan ya je Ingila, ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya yi suna a wasan, kuma har gobe hakimai suna shiga birni da dawakinsu ran hawan Sallah. Wancan dokin ado ne. Na ƙauye shi ya kai ni inda mota ba ta zuwa.

Hutu yana tafe. Wanda aka ce ya je ƙauye, ya je. Ba sai da doki ba, kuma kada kowa ya shiga daji ba tare da babba da izinin iyaye ba. Ka nemi wani dattijo ya nuna maka burtalin garinku. Ka tambaye shi inda iyakarsa take a da, ka auna faɗinsa na yanzu da takunka, ka rubuta a littafi. Na garin kawuna, a inda ya fi matsewa, taku huɗu ne.