Ranar Da Keke Ya Zama Kaya

Shekara 9 keken nan yana ɗauke da shi a titunan Yamai, daga gida zuwa makarantar da yake koyarwa. A lokutan hutu kuma yakan bi hanyar Dosso, tafiyar kusan kilomita 140, ya kwana, ya dawo. Duk tsawon wannan lokaci bai taɓa tunanin nauyin keken ba, domin wanda ake goyo bai san nauyin mai goyonsa ba. Sai da ya ƙudura niyyar hawan duwatsun Atlas na ƙasar Maroko, ya yi shekara 2 yana tara kuɗi, ya sayi tikitin jirgin sama zuwa Marrakesh ta Kasablanka, sannan ya gane cewa lamarin zai juya: abin da ya saba ɗaukarsa, yanzu shi ne zai ɗauke shi.

Sharaɗin kamfanin jirgin a fili yake. Dole keke ya shiga kwali ko jaka ta musamman, a cire feda, a juya kan, a rage iskar taya, kuma nauyin kada ya wuce kilo 23 sai da ƙarin kuɗi. A wurin masu sayar da sababbin kekuna ya samo kwalin, irin wanda ake shigo da su ciki. Da ya kawo shi gida a bisa rufin tasi, matarsa ta dube shi, ta dubi kwalin, ta ce, "Malam, a can babu kekuna ne, da sai ka yi dakon wannan?" Ya ce akwai na haya. Amma sirdin da jiki ya saba da shi shekara da shekaru, da tsayin da gwiwa ta sani, ba a samunsu haya.

Saura kwana 2 tafiya ya zauna ƙwance keken, kuma tun daga feda aiki ya cije. Ta dama ta fito ba gardama. Ta hagu kuwa ya murɗa har tafin hannunsa ya yi ja, ko gezau. Ya tura keken wurin tsohon da ke masa gyara a bakin titi. Tsohon ya karɓi sufana, ya yi murmushi, ya ce, "Malam, ai ɗaure ta kake ta yi. Fedar hagu a baibai take ƙwancewa." Ya ɗiga mata kalanzir, ya bar ta ta jiƙa, sannan ya murɗa ta ɓangaren da hannun agogo ke bi, ta saki. An yi zaren fedar hagu a juye ne don kada tuƙi ya riƙa sassauta ta a hanya. Mutumin da ya yi shekara 9 yana taka wannan feda bai san haka ba sai ranar. "Baba," in ji shi, "da ban zo ba fa?" Tsohon ya ce, "Da ka cinye zaren, ka fasa tafiya."

Daren nan ya cire ƙafar gaba, ya sa guntun katako tsakanin ƙarafa biyun da ke riƙe ta, don kada wani nauyi ya matse su. Ya sassauta kan keken ya kwantar da shi a jikin firam, ya zare sirdi, ya naɗe duk inda fenti zai iya gogewa da tsofaffin riguna. Sufana da famfo da kayan faci ya ɗaure su cikin kwalin, tunda ba a barin ƙarafa irin waɗannan a jakar hannu. Batirin cajin waya kuwa akasin haka ne: ba ya shiga kayan awo, sai dai ya zauna tare da mai shi, saboda batirin litiyam yana iya kamawa da wuta. Dalilin ke nan ma da ba a ɗaukar batirin keke mai lantarki a jirgin fasinja, domin abin da ya haura awa-wat 160 an hana. Ƙaramar tukunyar gas ta rishonsa ma ya bar ta a gida, sai dai ya saya a can.

Abu guda ne ya tsallake. Na'urar canjin giya ta baya, wadda ke rataye a gefen ƙafar baya, ya dube ta, ya ga dare ya yi nisa, ya ce a ransa ai kwalin mai kauri ne. Ƙusa ɗaya tak ke riƙe da ita, aikin minti 2. Ya bar ta a inda take, ya rufe kwali, ya zagaye shi da salatif.

A filin jirgi sikeli ya nuna kilo 22 da ɗoriya, ya yi hamdala. Ma'aikacin ya tambaye shi ko ya sace iskar tayoyin. Ya san cewa wannan doka ta fi ƙarfin dalilinta: ɗakin kaya na jirgin fasinja ana matsa masa iska kamar inda mutane ke zaune, iskar da ta yi daidai da ta kan dutse mai tsayin da bai wuce mita 2,400 ba, kuma wannan ɗan bambanci ba ya fasa taya mai lafiya. Amma teburin awo ba wurin koyar da kimiyya ba ne. Ya amsa cewa ya rage, kuma gaskiya ce. Ya dai bar ƴar kaɗan don ta kare bakin wili daga duka. Aka nuna masa ƙofar manyan kaya. Ya tura kwalin, labulen roba ya haɗiye shi.

A nan ne abin ya fara yi masa nauyi a zuci. Mai yawon keke mutum ne da ya saba dogaro da kansa: taya ta fashe, shi zai yi faci, sarƙa ta zame, shi zai mayar. Yanzu kuwa ya damƙa dukan tafiyarsa ga hannayen da ba zai taɓa ganin masu su ba, a filayen jirgi har 3. Ya rubuta a jikin kwalin, da Faransanci da Larabci, cewa kada a kwantar da shi, alhali ya san mai loda akwati ɗari a ƙurarren lokaci ba karatu ya zo yi ba. A Kasablanka, yana jiran jirgi na biyu, ya tsaya jikin taga yana leƙen motocin kaya, ko zai hango launin kwalinsa. Bai hango ba.

Kwalin ya iso Marrakesh ba yagewa, sai ɗan loɓawa a kusurwa guda. A tsakar gidan masaukinsa ya harhaɗa keken. Komai ya zauna daidai, har ya zo kan giya. Yana juya feda, sarƙa ta kama tsalle daga haƙori zuwa haƙori. Da ya kai ta giya mafi sauƙi, wadda ake hawan tudu da ita, na'urar ta fara goga sufok. Ya duƙa ya duba ta baya. Ɗan kunnen alminiyan da na'urar ke rataye a jikinsa ya lanƙwashe ciki. Da gangan ake ƙera wannan kunne da laushi, don in an yi karo shi ya lanƙwashe ko ya karye, firam ya tsira. Ya yi aikinsa. Sai dai kusan kowane samfurin keke da irin nasa kunnen, kuma bai zo da na canji ba.

Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999 ta ba fasinja kwana 7 ya rubuta ƙorafi idan kayansa sun lalace. Ya san da wannan, amma ya san kuma wanda ya bar ƙusar nan a ɗaure. Hutunsa duka kwana 10 ne, kuma takarda ba ta hawa dutse. Ba tare da ƙananan giyoyi ba, tafiyar da ya yi shekara 2 yana tanadi za ta koma tura keke da ƙafa.

Mai masaukin ya kwatanta masa wani shagon gyara a cikin tsohon gari. Ya ji yaran shagon suna kiran maigidansu "mu'allim", kalmar Larabcin da ta haifi "malam" a Hausa, wadda a Maroko ake kiran gwanin sana'ar hannu da ita. Shi ma ya kira shi haka. Mutumin ya cire na'urar, ya ɗauko wata tsohuwar ƙafar baya daga bango, ya murɗa ƙarfen tsakiyarta cikin ramin kunnen, domin zarensu ɗaya ne. Ƙafafu biyu suka tsaya gefe da gefe, karkatar ta fito fili ga ido. Ya riƙa danna tsohuwar ƙafar a hankali, yana auna tazara da yatsa, sama da ƙasa, gaba da baya. Ya gargaɗe shi cewa alminiyan ba ya son a lanƙwasa shi sau biyu. In ya sake buguwa, karyewa zai yi. Malamin makaranta ya tsaya riƙe da numfashi har aka gama. Sarƙa ta hau kowane haƙori shiru.

Daga Marrakesh zuwa mashigar Tizi n'Tishka, a kan hanyar Warzazat, kimanin kilomita 100 ne, kuma ya yi su cikin kwana 2. Bayan ƙauyen Taddart hanya ta shiga lanƙwasa bisa lanƙwasa, ya sauka giya mafi sauƙi ya zauna a cikinta sa'o'i, kunnensa na wurin ƙafar baya fiye da kan dutsen. A saman mashigar allo ya nuna mita 2,260. Ya jingine keken, ƙirjinsa na neman iska, sai ya tuna cewa kusan irin wannan siririyar iska ce keken ya kwana cikinta a cikin jirgi, a naɗe da tsofaffin riguna, ba tare da ya taka ko taku ɗaya ba.

Kwalin yana nan a ɗakin ajiyar mai masauki, yana jiran komawa. Daren da zai tashi, kafin feda, kafin sirdi, ya fara da ƙusar nan guda. Ya cire na'urar giya, ya zura ta cikin safa, ya ɗaure ta a tsakiyar firam inda babu abin da zai taɓa ta.