Bindigar Maharbi da Rabon Gado a Dayi

Bahaushe ya bambanta farauta da harbi. Farauta fita ce ta gayya da rani, da karnuka da gora da kiɗa, kuma duk mai ƙarfin gudu yana iya shiga. Harbi kuwa sana'ar gida ce, wadda ɗa kan ɗauka daga uba tare da sanin sawun dabba da magungunan daji da biyayya ga Sarkin Baka. Sunan sarautar ma shaida ne cewa kwari da baka sun riga bindiga. Bindigar toka, wadda ake kira adaka ko harba-ka-ruga, ta samo asali ne daga irin waɗanda fataken Turai, har da na Denmak, suka riƙa sayarwa a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, kafin maƙeran gida su ƙware wajen ƙera ta.

A Dayi, cikin ƙaramar hukumar Malumfashi, a kan hanyar Gwarzo zuwa Kano, akwai wani dattijo manomi, ɗan gidan maharba, da ya ƙudurta cewa kowane ɗansa namiji zai gaji bindiga. Lokacin da mahaifinsa ya rasu, bindiga ɗaya ya bari, ta faɗa hannun wansa, shi kuma aka ba shi kuɗi a madadin rabonsa. Kuɗin ba su kai damina ba, bindigar kuwa har yau tana nan. Don kada 'ya'yansa uku su ɗanɗani wannan takaici, sai ya riƙa ware buhunan masara da waken suya duk kakar da ta yi albarka, har ya sayi biyu, ya shafe su da mai, ya rataye a turakarsa.

Limamin unguwa ne ya fara nuna masa inda lissafin ya karkace. A fiƙihun Malikiyya, duk abin da mamaci ya bari dukiyar magada ce baki ɗaya, maza da mata. Ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran, kuma kyautar da aka yi wa ɗa baligi ba ta tabbata sai ta shiga hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu. Ke nan bindigogin da ke rataye, 'ya'yansa mata ma suna da rabo a cikinsu.

Dokar ƙasa ma ba ta san bindigar gado ba. Dokar Makamai ta 1959 ta sanya lasisin bindiga mai baki biyu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, ta bar lamarin bindigar toka ga kwamishinan 'yan sanda na jiha. Lasisi na mai shi ne shi kaɗai, ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, kuma idan mai shi ya rasu, kwana 14 kacal magaji ke da iznin riƙe makamin. A 2023 ma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da sababbin lasisai.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne sauyin daji. Gonaki sun cinye fagen barewa da gada, Dajin Rugu kuma ya koma mafakar 'yan bindiga. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya kira jama'a su nemi makamai su kare kansu, a Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, a Agustan 2025 kuma aka kashe masallata a Unguwar Mantau, cikin ƙaramar hukumarsa. Bindigar toka ma kanta ta zama abin tuhuma a kan hanya. A Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna dawowa Kano hutun Sallah, bayan an ga irin waɗannan bindigogi a motarsu.

Ana cikin haka ɗansa na tsakiya ya durƙusa ya ce, "Baba, a ba ni tawa yanzu. Ba zomo zan nema da ita ba, sintiri zan shiga." Dattijon ya taso a gidan da ba a nuna wa mutum bakin bindiga ko da wasa. Ya kuma san adaka harbi ɗaya take yi kafin a sake ɗura albarushi, alhali na daji suna riƙe da AK-47. Sai dai ƙin bayarwa ba zai hana yaron fita da dare ba, zai dai fita da sanda.

Bayan kaka ya kira liman da shaidu biyu, ya miƙa wa yaron ɗaya, bisa sharaɗin ya kai kansa gaban Sarkin Baka da hukuma, kuma kada ya hau mota da ita. Ta biyun ya ce a yi mata kuɗi cikin gado kamar kowace kadara. Kuɗin ta ukun ya ƙara ya sayi bijimin huɗa. Autansa, wanda aka yi niyyar saya wa, har yanzu bai san bambancin sawun zomo da na gafiya ba, don haka da rani uban kan fita da shi bayan gari da sassafe, kafin shanu su tattake ƙasa.