Makaɗi Ya Riga Mu Gane Shi

Kokawa 'yar kaka ce. Sai rumbu ya cika, ƙato ya ƙoshi da tuwon sabon gero, sannan yake tunawa yana da ragowar ƙarfin da noma bai cinye ba. A 2010 kuwa kwarin Rima bai ga kaka ba. Cikin watan Satumba gulbi ya yi ambaliya, ya shafe fadama tun daga Goronyo har Sakkwato, shinkafa ta tafi, gidajen ƙasa suka narke, har hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yanke. An daɗe ana musu a majalisu, wasu na cewa ruwan sama ne ya wuce kima, wasu na ɗora laifin kan buɗe ƙofofin madatsar Goronyo, wadda aka kammala tun 1984. Ko ma dai wane ne ya yi gaskiya, babu wanda ya kaɗa ganga a shekarar.

Noman rani ne ya share wa mutane hawaye. Ƙasar Wurno ƙasar albasa da tafarnuwa ce, kuma danshin da ruwan ya bari ya yi musu rana. Da aka fara cire tafarnuwa a ƙarshen hunturun 2011, kuɗi suka ɗan shiga hannu, sai samarin wani ƙauye da ke kan hanyar Goronyo suka ce ba za su yafe kokawar da suke bin shekarar bashi ba. Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a ƙasar Wurno, kuma tun da ana ganin malami ya iya lissafi, ni aka damƙa wa littafin karo-karo. Lokacin yaƙin neman zaɓe ne, kowane taro a ƙasar akwai hoton wani a jikinsa, amma wannan ƙauye bai kai yawan ƙuri'un da za su sa ɗan takara ya ɓata mai ba. Abin da aka tara ya sayi jar akuya ɗaya, da yadin shadda, da ƙaramar rediyo, ya kuma biya hayar janareta. Fili kuwa gulbi ya riga ya shimfiɗa mana: rairayi mai laushi da ambaliya ta juye a bayan gari.

Dole in faɗi abin da kokawa take a kunnen irinmu, 'yan gabashin Sakkwato. Mu ba ganin manyan 'yan kokawa muka yi ba, jin su muka yi. Tun da gwamnatin Seyni Kunce ta Nijar ta fara gasar takobi a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama na farko da ya ɗauka, duk lokacin da gasar ta zagayo iyayenmu kan murɗa rediyo zuwa Muryar Sahel. Mahaifina kan jingina tasa da tukunyar ruwa, ya hana kowa tari. Kantu, Salma Ɗan Rani na Doso, Kadade na Tawa, Langa-Langa na Damagaram, daga baya Balla Haruna da su Badamasi: sunaye ne da muka haddace kafin mu iya karatun hausar boko. Tun da ba mu taɓa ganin fuskokinsu ba, kowane yaro ya ƙera nasa a zuci, kuma babu wanda ya ƙera ƙarami. A wajenmu dambe ne ya yi sa'ar mawaƙi. Ɗan Anace, mutumin ƙasar Gandi, ya ɗaga Shago ya kai shi inda duk Bahaushe ya san shi. Ɗan kokawarmu kuwa, in yana son suna, sai ya ƙetara Illela.

Bayan isha'i aka fara. Kamar kullum, yara ne suka buɗe fili, ana dariya, sai matasa, sai ƙarti. 'Yan kokawa sun zo daga ƙauyukan Wurno, wasu daga Rabah a kan babura, mutanen Goronyo kuma suka cika wata tsohuwar a-kori-kura. Babu igiya, babu kujerar manyan baƙi. Jama'a ce ta yi da'ira, wasu samari da tsumagiya suna mayar da yara baya. Makaɗan uku ne, babbansu wani tsoho Bagobiri mai ido ɗaya, wanda aka ce tun yana saurayi yake bin filayen kokawa a ɓangarorin iyaka biyu.

A gefen mai shayi akwai wani dattijo zaune kan buhu, ya rufa da tsohon bargo. Na gan shi da rana a wajen masu awon tafarnuwa, yana ɓare ƙwaya da farce yana shinshinawa, yana ciniki da harshen Adar. Fatake irinsa sun cika ƙasar a wannan lokaci, babu dalilin sake kallonsa. Ba shi da wani tsawo. Abin da kawai na lura da shi wuyansa ne, wanda ya kusa kai faɗin kansa, da yatsunsa biyu na hagu da suka karkace.

Ana tsakar wani karo sai tsohon makaɗin ya tsaya cak. Ya karkata kai ya ƙura wa wajen mai shayi idonsa guda. Ya yi wa yaransa magana, suka yi shiru, shi kaɗai ya ɗauko wani kiɗa da ban taɓa ji ba, mai nauyi, yana tafiya a hankali kafin ya tsinke da sauri. Yawancinmu ba mu fahimci komai ba. Amma wasu dattawa biyu a kusa da ni suka miƙe tsaye, ɗayansu yana salati.

Na taɓa jin ana cewa take yana sa mutum tsuma, na kuma ɗauka ƙarin gishirin maroƙa ne. A daren na gani. Kofin shayin da ke hannun dattijon ya fara kaɗawa har ya zube. Kafaɗunsa suka shiga rawa a ƙarƙashin bargo. Ya sa hannu ya danne gwiwarsa, ya kawar da kai, a fili yake yana kokawa da jikinsa, jikin kuma yana neman kayar da shi. Makaɗin ya matso yana kiran sunansa da na garinsu da na mutanen da ya kayar, sunan kuwa na cikin waɗanda muka sha ji a rediyon mahaifina. Ba zan rubuta shi nan ba. Mutumin fatauci ya zo yi, ba neman shiga mujalla ba.

Ya jefar da bargon. Ya tako cikin fili, tafiyar ta sauya gaba ɗaya, ƙafafu a ware, ƙugu a ƙasa. Ya sunkuya ya ɗebi rairayi ya murtsuke a tafin hannu, ya ɗaga hannun dama sama ya buɗe baki zai yi kirari. Layi biyu ya samu, tari ya sarƙe shi. Fili ya yi tsit, sannan shi da kansa ya fashe da dariya, ya laluba aljihu ya manna wa makaɗin kuɗi a goshi.

"Don Allah bari hakanan," in ji shi. "Zuciya ta ji, gwiwa ba ta ji ba."

Abin da ya biyo baya hargitsi ne. Ƙartin da ɗazu suke cika baki suka zo suna durƙusawa, kowa na son ya dafa kansa. Mata suka rangaɗa guɗa. Aka kawo masa tabarma, ya ƙi, ya koma kan buhunsa. Da ƙura ta lafa, na yi amfani da matsayina na mai riƙe da littafi, na kai masa wani shayin na tsuguna gefensa.

"Baba, sannu da zuwa. Tun muna yara muke jin sunanka."

"Awo, kun ji suna. Yanzu ga mai sunan, kun ga babu wani abin kallo."

Na tambaye shi sau nawa ya ɗauki takobi. Ya dube ni ta gefen ido. Bai taɓa ɗauka ba, ya ce. Ya wakilci jiharsu shekaru, ya kayar da waɗanda suka ɗauka, su ma sun aza shi ƙasa gaban dubban mutane. Ya faɗi wannan ba tare da ɗaci ba, kamar mai ba da labarin farashin kasuwa. Na juya kan layu da guraye, don ƙartin namu duk sun yi ɗamara da su har ba a ganin walki sosai. Ya ce shi ma ya ɗaura, ya sha rubutu, ya yi wanka da abin da ba zai faɗa ba, kuma wanda zai kara da shi ma ya yi duk wannan. "To in malamina ya yi aiki, naka ya yi aiki, wa za ya raba mu? Ƙahwa."

Daga nan ya koya mini kallon kokawa. "Malam, kai huska kaka kallo. Ni ƙahwa nika kallo." Ya ce hannu maƙaryaci ne, aikinsa ruɗi, duk wannan mari-marin da kama wuya da ake yi a farkon karo tambaya ce kawai. Amsar tana ƙasa. Wanda ya haɗe ƙafafunsa ya ba da kansa ga taɗiya. Wanda ya ɗaga diddige lokacin da yake turi, nauyinsa ya riga ya bar gida, jan sa kawai za a yi. Wanda yake ja da baya a miƙe, maimakon ya zagaya, numfashinsa ya kusa ƙarewa. Kafin kowane karo ya yi nisa sai ya taɓa ni da yatsa ya ce "wanga", kuma wangan ne ke tashi da hannu sama. Sau ɗaya ya kuskure, wani gajeren yaro ya shige ƙarƙashin wanda ya zaɓa ya ɗauke shi cak. Murnar da ya yi ta fi ta iyayen yaron. Ya sa aka kira shi, ya tambaye shi wa ya koya masa, yaron ya ce jan buhun albasa.

Karon ƙarshe ya haɗa wani ƙaton Goronyo, wanda tun farkon dare babu wanda ya daɗe a hannunsa, da wani siririn saurayi ɗan ƙasar Rabah. Sun daɗe suna zagaye. Can ƙaton ya gaji da wasa ya rungumo shi ya tura, ɗan Rabah ya saƙala ƙafa, suka tafi ƙasa tare, ƙura ta tashi, janareta kuma ya zaɓi wannan lokacin ya yi tari, fitila ta dushe ta dawo. Mutanen Goronyo suka kwasa da ihu, na Rabah ma haka. Alƙalin wasan, wani manomi da aka naɗa da yamma, ya rasa hannun wanda zai ɗaga. Na ga sanduna sun fara fitowa.

Ba wanda ya kira dattijon. Idanu ne suka koma kansa. Ya miƙe, ya karɓi tocila a hannun mai shayi, ya ce kada kowa ya taka wurin. Ya haska rairayin, ya bi sawun da yatsa: ga inda diddigen ƙaton ya tashi, ga ramin gwiwa, ga shaidar tafin hannu a gabansa. Ya haska gwiwar ƙaton, rairayi ya manne da gumi. Ya haska ta ɗan Rabah, babu komai sai a kafaɗa. "Gwiwa da hannu sun riga kahwaɗa isa ƙasa. Ɗan Rabah ad da kaye." Sannan ya kama hannun ƙaton ya riƙe, ya yi masa magana a kunne. Ban ji abin da ya ce ba, amma ƙaton da kansa ya je ya kwanto akuyar ya miƙa. Na tabbata da wani ne ya yanke wannan hukunci, ko da hakimi ne, da an kwana ana ɗinkin kai.

Nakan yi tunanin daren nan duk lokacin da na ji an ambaci filin kokawa na Maraɗi da sunan Kantu, na Damagaram da sunan Langa-Langa, na Doso da sunan Salma Ɗan Rani. Maƙwabtanmu sun ɗauki wasan ƙauye sun ba shi takobi da rediyo da talabijin, har Isaka Isaka na Doso ya zama sunan da yaran Sakkwato ke kallo a waya. Mu namu gwanayen, in sun tsufa, sai dai makaɗi ya tuna da su, in shi ma yana raye. Yanzu ma abin ya wuce rashin kulawa. Tun harin Tabanni a ƙasar Rabah cikin Yulin 2018, da na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, wane uba ne zai bar ɗansa ya hau babur da dare zuwa bayan wani gari don akuya? Yaran da nake koyarwa a yau sun san kamun 'yan kokawar Nijar da na Sanagal dalla-dalla, amma da yawansu ba su taɓa jin ƙurar fili a maƙogwaro ba.

Washegarin kokawar da safe na sami dattijon a bakin titi da buhunan tafarnuwarsa, yana jayayya da wani direba kan kuɗin kaya zuwa Illela. Direban matashi ne, ba ya wurin jiya, ya kafe kan farashinsa. Abin ya ba ni haushi, na sa baki.

"Kai, ka san ko wane ne wannan?" Na faɗi sunan, na ƙara da tarihin da na sani.

Direban ya dube shi sama da ƙasa, ya ci gaba da ɗaure igiya. "Malam, ko Kantu ne, buhu buhu ne."

Dattijon ya yi dariya har da buga cinya. "Yaron ga ya hi ka gaskiya, Malam." Ya ƙirga kuɗin ya biya, ya hana kowa taimaka masa, ya sunkuya ya cira buhu ɗaya ya wurga saman mota. Na biyun sai da muka kama masa.