Tsayawa Beli Lamuni Ne

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, ran nan bayan lisha wani ɗan kasuwa maƙwabcinmu a nan Tirkaniya ya yi mana sallama a zaure. Ya ce an kama ɗan abokinsa bisa zargin cin amanar kuɗin ubangidansa, alƙali ya ba da beli, ana neman mai tsaya masa. "Allah gafarta Malam, sa hannu ne kawai, ko ba haka ba?" Muka ce masa a'a, Alhaji, zauna tukuna.

Shi dai beli ba sallama ba ne. Tsarin Mulki na 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa, saboda haka ake sakinsa ya jira shari'a a gida. Belin da ake bayarwa a caji ofis kyauta ne a doka, ko da yake kowa ya san abin da kan faru. Laifin da hukuncinsa kisa ne kuwa, Babbar Kotu kaɗai ke da ikon ba da belinsa, shi ma sai da babban dalili. A nan Jihar Kaduna, dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2017 ce ke aiki.

To, inda mutane suka fi ruɗewa shi ne wajen kuɗi. In alƙali ya ce beli naira miliyan ɗaya, galibi ba a wurin za a ƙirga su ba. Alkawari ne mai tsayawa ya ɗauka a rubuce, watau in wanda ake tuhuma ya ƙi zuwa ranar zama, kuɗin nan sun zama bashi a wuyansa. Kotu za ta kira shi ya faɗi hanzarinsa. In bai gamsar ba sai ya biya, ko a sayar da dukiyarsa, ko a ɗaure shi. Abin da ya sa ke nan ake neman mai takardar gida, ko ma'aikacin gwamnati mai babban mataki. Ba mu manta ba, a watan Nuwamba na 2020 aka tsare Sanata Ali Ndume a kurkukun Kuje saboda Abdulrashid Maina, wanda ya tsaya wa a kan naira miliyan 500, ya daina zuwa kotu. Daga baya a Yamai aka kamo shi. Sanata guda ke nan, balle mai rumfa ɗaya a kasuwa!

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware wannan a babin lamuni. Akwai lamunin dukiya, akwai lamunin fuska, watau ka ɗauki nauyin kawo mutum, akwai kuma lamunin nema, wanda iyakarsa ka neme shi iyakar ƙoƙarinka. A Risala an bayyana cewa mai lamunin fuska, in ya kāsa kawo mutumin, shi zai biya, sai fa in tun farko ya gindaya sharaɗin ba zai biya ba. Takardar kotu kuwa ba ta da gurbin wannan sharaɗi.

Har wa yau malamai sun hana karɓar lada a kan lamuni, domin aikin alheri ne da ake yi saboda Allah. Waɗannan da ke zaune a bakin kotu suna tsaya wa wanda ba su taɓa gani ba don a ba su na goro, har su rantse sun san shi, lalle sun haɗa haram biyu.

Ba mu hana Alhaji tsayawa ba, gama fitar da ɗan'uwa daga ƙunci yana da lada mai yawa. Mun dai tambaye shi: ka san ɗakin da yaron ke kwana? In ya gudu, za ka iya biya ba tare da ka taɓa abincin iyalinka ba? Muka kuma sanar da shi cewa in ya ga take-taken gudu, yana da damar komawa kotu ya nemi a sauke masa nauyin, a nemi wani. Ya yi shiru, can ya ce uban ya sani, yaron kuwa sau biyu ya taɓa ganinsa. Washegari ya sa uban ya kai shi har gidan da yaron yake haya a Nasarawa, ya gana da mai gidan, sa'an nan ya sa hannu. Ran zaman farko shi da kansa ya ɗauko shi a motarsa tun da sassafe.