Daga Magajiya Zuwa Matan Fada

Duk wanda ya tashi daga Magajiya ta Suleja da sanyin hunturu ya nufi Argungu, to ya ɗaura ɗamarar wuni guda a mota. Zai bi ta Minna da Zungeru da Tegina, ya faɗa Kontagora, ya sha ruwa a Yawuri, inda ƙanshin bandar kifi zai shaida masa ya shigo ƙasar masunta. Sa'an nan ya ratsa Koko da Jega da Birnin Kebbi. Abin da ya kai ni wannan doguwar tafiya kuwa wani ɗan yanki ne na gulbi da ake kira Matan Fada, wanda in ba a nuna maka shi ba sai ka wuce ba ka waiwaya ba.

Ruwan yana kwance shiru, ba mai jefa koma, ba mai ɗana fatsa. Dalili kuwa shi ne Kabawa sun hana su a wannan wuri duk tsawon shekara, sai ranar da aka buɗe shi, kuma Sarkin Ruwa ne ke tsaron wannan doka. An fara bikin kamar yadda aka san shi yanzu a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka binne tsohuwar gabar da ke tsakanin Kabi da Sakkwato. Ranar su, da an harba bindiga sai dubban mutane su ruga cikin ruwa, kowa da homarsa da goransa, su yi ta lalube har wajen sa'a guda. A 2005 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 75, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya za ta adana.

To, mai karatu, akwai wata ƙasa mai nisa inda su ma lokacin sanyi suke biɗar kifinsu, watau jihar Minesota ta Amurka. A can sanyi kan yi tsanani har fuskar tafki ta daskare ta zama ƙanƙara. In kaurinta ya kai inci 4 mutum yana iya takawa, in ya haura inci 12 har ƙaramar mota takan hau. A tafkin Mille Lacs sai ka ga dubban 'yan ɗakuna jere bisa ƙanƙarar kamar sabon ƙauye. Masunci yakan huda rami mai faɗin faranti, ya zura ƙugiya da ɗan ƙaramin kifi a matsayin koto, ya zauna jira. Kifin da suka fi so shi ne wanda suke kira walai, mai idanu masu ƙyalli irin na kyanwa, wanda ya fi cin koto da asuba da kuma almuru. Tun 1965 jihar ta ɗauke shi kifinta na alfahari.

Ko da yake namu a guje ake shiga ruwa, nasu kuwa a zaune ake yi, doka ɗaya ce ta riƙe su duka. A Minesota ana rufe kamun walai wajen ƙarshen Fabrairu, ba a buɗewa sai tsakiyar Mayu, domin kifin ya sami sararin zuba ƙwai. A watan Agusta na 2015 ma, da aka ga an wuce adadin da aka ƙayyade a Mille Lacs, sai hukuma ta rufe kamun tun lokacinsa bai ƙare ba, masu masauki da masu sayar da koto suna ta kuka. Abin da Bature ya rubuta a takarda, Bakabe ya daɗe yana riƙe da shi a baka.

Amma doka ba ta kawo ruwa. Tun da aka gina madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a 1984, ambaliyar da kan cika fadamun gulbin Kabi, inda kifi ke hayayyafa, ta ragu ƙwarai. A 2006 sai da aka hana su a bikin saboda ƙarancin ruwa, daga baya kuma aka yi wajen shekara 10 ba a yi bikin ba, sai a Maris na 2020. In gulbin ya ƙafe, abincin dubban gidaje ne zai tafi, tare da sarautar da ta tsare shi.

Wannan magana ta shafe mu mutanen Neja, masu Gurara da kogin Kaduna da tafkin Shiroro. Sau nawa muke ganin kifi ƙanana kamar yatsa an tula su a faranti a kasuwa? Aikin koma mai ƙananan idanu ke nan, da masu zuba maganin ƙwari cikin rafi su kwashe uwa da 'ya'ya dare ɗaya. Ya kamata sarakunanmu da hukumomin ƙananan hukumomi su keɓe wa kowane ruwa watannin hutunsa, su kuma ba sarakunan ruwa ƙarfin hukunta wanda ya keta. Allah ya sa masu iko su ji.