A Raba Ɗaki Kafin A Tare

Da yawa daga cikinku kun sha aiko min da tambaya, wai me ya sa kashi na biyu na wani littafina ya yi shekara guda cur bai fito ba, har wasu suka ce ko na yi fushi da rubutu ne, wasu kuma suka ce maigida ne ya hana. To yau zan faɗa muku gaskiyar abin da ya faru, don na ga akwai darasi a ciki ga duk macen da take da kwamfuta a ɗakinta.

A shekarar 2019 kwamfutata ta fara nauyi, in na kunna ta sai na ɗora tukunya na dawo ba ta gama buɗewa ba. Na ba wa yaro ya kai wa mai gyara a kasuwa, da yamma aka dawo min da ita tana gudu kamar sabuwa. Na buɗe inda nake ajiye rubutuna, wayam. Shafi 140 da na yi wata bakwai ina bugawa bayan yara sun yi barci, da hotunan sunan 'yata ta fari, da muryar mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, da na naɗa tana ba jikokinta tatsuniya, duk babu. Na kira mai gyaran jikina yana rawa, sai ya ce, "Hajiya, ai fomatin na yi mata, ba ki ce akwai kaya a ciki ba." Wallahi ranar ko tuwon dare ban iya yi ba. Rubutu dai na sake shi da ƙyar, muryar Inna kuwa ta tafi ke nan.

Daga baya na gane laifin har da nawa. Faifan ajiyar da ke cikin kwamfuta kamar fili ne, ana iya yanka shi ɗaki-ɗaki, abin da masu gyara ke kira fatishan. Ni kuwa nawa ɗaki ɗaya ne tal, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar tana ciki, kayana ma suna ciki. Da aka zo share ɗakin don a zuba sabuwar manhaja, sai aka haɗa da kayana aka kwashe.

Hausawa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kula da Windows 10, wato kwamfuta za ta ci gaba da aiki, amma gyaran tsaron da aka saba turowa ya tsaya, sai ɗan ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista, shi ma mai ƙarewa ne. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika ba, namu biyu na gida suna cikinsu, tawa ta hannu da ta tebur da maigida yake lissafin shago da ita. Kuɗin sababbi kuwa babu, ga kuɗin makarantar yara a gaba.

Autanmu ne ya kawo shawara, shi da yake karatun kwamfuta. Ya ce, "Yaya, mu koma Linux mana. Kyauta ce, kuma ba satar fasaha ba ce, masu ita ne suka bar ta a buɗe kowa ya ɗauka, ya duba yadda aka gina ta, ya gyara in ya iya." Ya ce wani ɗalibi ne ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, yau kuma tana da iri-iri, shi wadda ya zaɓa mana ita ce Linux Mint, wadda aka gina a kan Ubuntu, don ta fi sauƙi ga wanda ya saba da Windows. Ya zo da ita a filashi, ya kunna kwamfutata daga filashin ba tare da ya taɓa faifan ba, na gwada da hannuna. Na buɗe tsohon rubutuna da LibreOffice ya buɗu, muka saka tsarin madannai na Hausa, sai ga ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa da lanƙwasarsu. Na ce to na yarda.

Nan take ya danna wajen girkawa, allon ya kawo zaɓi. Na ce ya fassara min ɗaya bayan ɗaya. Ya ce na farko yana nufin a zauna tare da Windows, na biyu a goge faifan gaba ɗaya a zuba Linux, na ƙarshe kuma mutum ya yanka da kansa. Ya ce, "Na biyun ya fi sauri Yaya, minti kaɗan an gama."

Na riƙe hannunsa na ce, "Auta, ɗaga yatsanka. Kalmar gogewar nan ta taɓa sa ni kuka. Yau ba za a taɓa komai ba sai na gane."

Ya yi dariya ya ce na cika tsoro, na ce na ji, sauri dai ya haifi nawa. Na yago takarda daga littafin lissafin cefane, muka zauna a tabarma, ya yi ta bayani ina tambaya ina zanawa. Ga abin da na fahimta, na kuma rubuto muku shi yadda za ku gane.

Faifan kwamfutata giga 500 aka rubuta a jikinsa, amma a allo kusan 465 yake nunawa, saboda bambancin yadda masu ƙerawa da kwamfuta suke ƙirga, kada ki zaci an cuce ki. Muka yanka shi uku. Na farko ɗan ƙarami ne, mega 512, sunansa EFI, shi ne kamar zaure, ta nan kwamfuta take shiga ta nemo manhajar da za ta tayar. Na biyu shi ake kira rut, wato saiwa, nan Linux take zama da duk manhajojin da za a ƙara mata. Auta ya ce giga 30 ma za ta yi, na ce ni na san halin kaya, kullum ƙaruwa suke, muka ba shi 60. Sauran kusan giga 400 muka bar wa na uku, wanda ake kira hom, wato gida, nan rubutuna da hotuna da duk abin da yake nawa za su zauna. Akwai kuma wani waje da ake kira suwaf, inda kwamfuta take sauke kaya in ƙwaƙwalwarta ta cika. Da can ɗaki guda ake ware masa, yanzu Linux Mint takan yi shi a matsayin fayil a cikin rut, don haka ba mu yanka masa ba.

Amfanin raba hom da rut shi ne abin da ya fi kwanta min a rai. Duk ranar da manhajar ta lalace ko aka so sauya ta, rut kaɗai za a share, kayanki suna nan a ɗakinsu, muddin mai aikin bai sa alamar fomatin a kan hom ba. Wannan 'yar alamar, 'yar uwa, ki tsaya a kansa ki gani da idonki.

Ta maigida kuwa daban muka yi mata, don manhajar lissafinsa a Windows kaɗai take aiki, ya kuma ce shi kada a taɓa masa. Sai muka bar su su biyu a faifai ɗaya, in an kunna a zaɓi wadda ake so. Daga cikin Windows ɗin Auta ya matse ɗakinta ya rage shi, filin da ya samu ya yanka wa Linux rut da hom. Zauren EFI da ke nan tun asali shi suka yi tarayya a kai, ba a share shi ba. Ya kuma kashe abin nan na saurin tashi da ke Windows, don in yana kunne takan bar ɗakinta a kulle, Linux ba za ta iya rubutu a ciki ba. Ya ce in faifai yana da makullin BitLocker, a nemo lambobin buɗe shi a rubuta a takarda tun kafin a fara.

Amma duk wannan bai faru a ranar ba. Kwana biyu na ɗauka ina kwashe kayana, kwafi ɗaya a faifan waje da na saya, rubutuna kuma na ƙara sa shi a filashi na kai ɗakin Yayarmu. Ban tsaya a kwashewa ba, sai da na buɗe su a wata kwamfutar na tabbatar suna buɗuwa. Dalili kuwa, raba ɗaki yana tsare ki daga kuskuren mai shara ne kawai. In faifan ya mutu, ko ɓarawo ya ɗauke kwamfutar, duk ɗakunan tare za su tafi, tunda a gida ɗaya suke. Muka kuma jira sai da batir ya cika, ta teburin kuma aka tayar mata da janareta, don ɗaukewar wuta ana tsakiyar matse faifai tana iya lalata abin da ke ciki.

Ranar da aka yi aikin ina zaune kusa da Auta da takardata a hannu, duk layin da ya cika sai ya karanto min na duba na ce ya wuce. Da ya zo kan madannin ƙarshe ya ce, "Yaya, ke za ki danna." Na yi bismilla na danna.

Abin da nake so ki ɗauka a nan, 'yar uwa, mu mata mun iya tsara ɗaki, mun san inda muka sa zannuwan fita da inda muka ɓoye 'yan kunnen gwal, ba ma yarda wani ya kwashe mana kayan ɗaki ba ma nan. Amma kwamfuta da waya sai mu miƙa wa yaro mu ce a kai gyara, alhali takardun makarantar yaranmu da lissafin adashinmu da hotunan iyayenmu suna ciki. Ba sai kin yi digiri ba, ni ma sakandare na tsaya. Kafin ki ba da ita ki yi tambaya uku: ina kayana suke zaune, me za a share, ina kwafinsu yake? In mai gyara ya ƙosa da tambayarki, karɓi abarki ki nemi wani, matambayi ba ya ɓata.

Takardar nan da muka zana tana nan na liƙa ta a cikin murfin durowata, da girman kowane ɗaki da sunansa, ko ba na nan wanda zai taɓa kwamfutar zai gani. Sabon littafin da nake bugawa yanzu yana cikin hom, kwafinsa kuma duk Juma'a nake sabuntawa. Allah ya tsare mana amanar da ke hannunmu, ya jiƙan iyayenmu, amin.

Taku har kullum.